Yadda Muka Koya wa Baba Raki

Mahaifina tsohon soja ne, kuma a duk Gwammaja ban san wanda ya kai shi taurin kai a kan maganar ciwo ba. Tun kafin a haife ni ya dawo daga yaƙin basasa da gutsattsarin ƙarfe a ƙugunsa na hagu, da gwiwar da ta sandare ba ta lanƙwasuwa. Da aka sallame shi sai ya koyi ɗinki, ya kama ɗan shago a Jakara, yana taka keke da ƙafar dama ita kaɗai. Da ƙafar nan guda ya ciyar da mu, ya sa mu a makaranta, ya aurar da mu. Ni ce 'yar fari, sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kama sunana ba, sai dai ya ce Uwata. Mutane suna cewa na gaji taurin kansa, ni kuwa ban taɓa musu ba, don barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

A shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula ina koyarwa a wata firamare, da 'ya'yana uku. Gari ya cika da fastoci da alkawura, kowa gani yake tasa ta kusa biya. Ana cikin haka aka yi sanarwa a rediyo cewa duk tsohon sojan da ya ji rauni a bakin daga ya je bariki likitoci su duba shi, wanda aka tabbatar ya nakasa za a ƙara masa kuɗin nakasa a kan ɗan fanshonsa. Ni da Umma muka dubi juna, ba sai an yi magana ba. A lokacin ƙafar daman ma ta fara gajiya, in ya wuni a kan keke sai ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Burinmu ɗaya ne, Baba ya sauka daga kan keken nan tun yana da ƙafar takawa, kuma ba zai iya sauka ba sai an ƙara masa abin da zai riƙe gida.

Baba bai ƙi zuwa ba. Murna ma ya yi, kuma a nan ya kamata mu gane akwai matsala. A wurinsa, mutumin kirki ba ya zuwa gaban hukuma a wulaƙance. Ya aika da babbar rigarsa ta shadda mabuga aka buge ta har tana ɗaukar ido, ya je wanzami ya yi masa aski da gyaran fuska, ya ciro lambobinsa na yabo daga ƙasan akwati ya goge su da toka da lemon tsami. Ran tafiya ya kafa hula, ya fesa turare, duk wanda ya gan shi sai ya ce ɗaurin aure za shi. Umma ta raka shi har soro tana cewa Allah Ya ba da sa'a, ita ma fuskarta cike da alfahari.

Tare suka tafi da amininsa da muke kira Baba Kofur, wani tsohon kofur da ke zaune wajen Ƙofar Dawanau, wanda suka yi yaƙi a runduna ɗaya. Shi ya dawo ya ba mu labari, yana yi yana tafa hannu. Ya ce tun a ƙofar bariki Baba ya bai wa wani mai goro ajiyar sandarsa. Da aka kira shi ya shiga ya ƙame, ya sara wa likitan, wani matashin hafsa da bai kai sa'an ƙanena ba. Likita ya ce ya taka zuwa bango ya dawo a ga tafiyarsa. Sai Baba ya cije ya yi masa fareti, hagu dama, hagu dama, ya juya ya buga ƙafa a ƙasa. Likita ya tambaye shi ko akwai inda yake damunsa, ya ce babu, yallaɓai, sai godiyar Allah. Yaron nan ga layi a gabansa har waje, ga tsoho yana ƙyalli yana fareti, me kuke so ya rubuta? Ban ga laifinsa ba ko kaɗan.

Faretin nan ya kwantar da Baba fiye da mako, ko masallacin ƙofar gida bai iya fita ba. Bai daɗe da miƙewa ba takarda ta zo cewa rauninsa ya warke, ba shi da wata nakasa. Shi kuwa Baba Kofur, wanda kan ɗan yatsa ɗaya kawai ya rasa, an amince da tasa.

Na taso daga makaranta na wuce Jakara kai tsaye, ko gida ban biya ba. Na same shi a kan keke yana ɗinkin kayan makarantar yara, ƙafar hagu a miƙe a gefe, ta dama tana ta aiki. Na gaishe shi a gajarce, raina a ɓace.

"Baba, don Allah me ya kai ka yin fareti?"

Ko ɗagowa bai yi ba. "Hafsa ya ce in yi tafiya, Uwata. So kike in yi masa rarrafe?"

"Ai ciwon aka ce ka je ka nuna."

"An tambaye ni, na ce na gode wa Allah. Ƙarya na yi?"

"To kuma sandar fa?"

"Soja ba ya shiga gaban na gaba da shi da sanda." Ya tsinke zare da haƙori. "Mu nawa muka tafi, mu nawa muka dawo? Waɗanda aka bari a can daji ba su sami bakin yin ƙorafi ba. Ni da aka dawo da ni da raina, sai in je in tsaya gaban ɗan cikina ina wayyo-wayyo?"

Na fito ina huci, har na wuce tashar mota ban sani ba.

Baba Kofur ne ya gaya mana ana iya ɗaukaka ƙara, a sake zama da manyan likitoci. Na zauna na rubuta, amma Baba ya ce shi ba zai sa hannu ba, wai hukuma ta riga ta yi hukunci, komawa kamar roƙo ne. Na yi lallashi, na yi fushi, na kawo masa hujja iri-iri, ya ce in tashi in koma ɗakin mijina. Umma ta bari sai da ta gama gasa masa ƙafa da ruwan zafi, aikin da take yi kullum bayan magariba tun tana amarya. Tana matse tsumma ta ce, "Malam, ni ma fa na tsufa. Ranar da ƙafar daman ta kwanta, ban san da wane ƙarfin zan ɗaga ka ba." Washegari da safe ya aiko a karɓi biro.

Sa hannu daban, iya raki daban. Baba Kofur ya ce shi zai ɗauki nauyin karatun, domin a faɗarsa tun daga barikin horo har aka sallame su ba a yi wanda ya kai shi iya langaɓewa a gaban likita ba. Sai ya riƙa zuwa bayan la'asar, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ni in zama likita a kan kujera da littafin ɗalibaina a hannu, Umma tana daga bakin madafa tana kallo.

Baba Kofur yakan fara nunawa. Ya shigo yana jan ƙafa, ya dafa bango, ya runtse ido, ya saki wani dogon nishi, ya ce, "Wash, yallaɓai, ni dai ta ƙare mini." Har kajin gidan sai sun dakata da tsattsaga. Sannan ya dubi Baba ya kira shi da muƙaminsa na soja, ya ce, "To Saje, bisimilla."

Baba ya miƙe, ya gyara wuyan riga, ya tako a tsaye cak, ya dube ni ido cikin ido ya ce, "Wash," kamar mai ba da umarni a filin fareti.

Umma ta yi dariya har ta ɓarar da ruwan da ta ɗebo. Baba Kofur ya dafe kai. "Haba Saje, wannan ai likitan ne zai tsorata ya ce maka yallaɓai. Sassauta murya. Karkata wuya. Ka tuna ranar da aka ɗauko ka a kan makara."

"Ranar ma ban yi kuka ba."

"Na sani, ai ni na ɗauko ka. Ni ne na yi ta kukan a madadinka."

Haka muka yi ta fama. In na ce, "Baba, yaya ƙafar?" sai ya ce da sauƙi, sannan ya tuna, ya ce a sake. A sake, ya kuma cewa da sauƙi. Wata rana ya yi ƙoƙari har ya kai ga cewa, "Tana ɗan taɓa ni," sai kuma nan take ya bi da istigfari, kamar wanda ya yi saɓo. Jikokinsa kuwa sun haddace darasin tsaf. Ƙaramin ɗana da ko tuntuɓe bai yi ba ya riƙa dafa bango yana cewa ta ƙare masa, duk lokacin da aka ce ya tafi Islamiyya. Ban taɓa ganin makarantar da kowa ya ci jarrabawa ban da ɗalibin da aka buɗe ta dominsa ba sai wannan.

Da na ga bakin ba zai gyaru ba sai na koma kan tufafi. Ana saura kwanaki a zauna, na haɗa baki da Umma na kwashe babbar rigar da hular da lambobin na kai gidana na kulle. Na fitar masa da wata tsohuwar jamfa da ta koɗe, na ce ita za a saka. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce to. Wannan "to" ɗin da ya zo da sauƙi ya kamata ya ba ni tsoro, amma ina ta jin daɗin dabarata. Na manta wanda na ɓoye wa riga tela ne. Ran tafiya da sassafe na iso da tasi, na tarar da shi a soro cikin sabuwar riga fara fat, ɗinkin hannunsa, ya kafa hular aro ta limamin unguwa. Ya ce, "Uwata, kin makara." Direban tasi ya tambaya ko walima za mu, na ce ya ja mota kawai.

Abu ɗaya na ci nasara a kai, sandar tana hannuna, kuma na rantse ba mai goron da zai gan ta. An bar kowane tsoho ya shiga da mai rakiya ɗaya. Muka zauna a kan benci a wata doguwar baranda cike da 'yan mazan jiya, wani ba hannu, wani ba ido, wani an turo shi a keken guragu, amma hira suke suna shewa kamar a majalisar ƙofar gida. Suna tsokanar juna a kan wanda ya fi gudu ranar kaza, da wanda ya sace kazar mutane aka yi masa horo. Wani ya ce yanzu da farar hula suka hau, sai a ga ko su za su tuna da su, tunda 'yan uwansu masu kaki sun yi shekaru suna mantawa. Aka kwashe da dariya. Baba yana cikinsu yana ta washe baki, rabon da in gan shi haka har na manta.

Da aka kira mu na miƙa masa sanda, ya yi kamar bai gani ba. Hafsoshi uku ne a bayan tebur, na tsakiya wani kanar ne likita mai furfura, Bahaushe, da tabarau a kan karan hanci. Baba ya ƙame ya sara. Na ga gumi ya tsattsafo masa a goshi saboda tsayuwar, amma ko gezau.

Kanar ya ce ya zauna. Ya ce, "Baba, yaya ƙafar?"

"Da sauƙi, yallaɓai. Alhamdu lillahi."

Duk wahalar Baba Kofur ta bi ruwa. Na buɗe baki na ce, "Ranka ya daɗe, wallahi ba ya," sai Baba ya juyo ya yi mini wani kallo da na sani tun ina 'yar ƙarama, maganar ta maƙale. Kanar ya ɗaga mini hannu alamar in dakata. Ya ɗaga hoton ƙashin da aka ɗauka ya duba a hasken taga, ya daɗe yana dubawa, ya ajiye. Sai ya cire tabarau ya shiga hira kamar ba aiki ya zo yi ba. Ya tambayi unguwarmu, ya tambayi sana'a, ya ce shi ma kakansa a Kurmi ya yi kasuwanci. Baba ya saki jiki har yana ba shi labarin yadda Jakara take kafin a cike ta da gine-gine. Ni kuwa ina zaune ina tafasa, ina cewa a raina mun zo neman hakki an ɓige da tarihi.

Can sai kanar ya ce, "Baba, yaya kake yin sallah?"

Wannan tambaya ba ta da amsar gaisuwa, kuma mutum irin mahaifina ba zai yi ƙarya a kan sallarsa ba ko da za a yanka shi.

"A zaune," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Sujada fa?"

"Da nuni nake yi. Ƙugun ba ya bari in kai ƙasa."

"Yaushe rabonka da ka sa goshi a ƙasa?"

Ya dubi tafin hannunsa. "Asubar ranar da abin ya same mu. A cikin rami muka yi ta, da taimama." Ya ɗan tsaya. "Ran Juma'a da wuri nake tafiya in kama jikin bango, don kada in miƙe ƙafa a gaban mutane. In liman ya yi kabbara kowa ya tafi ƙasa, sai in ga ni kaɗai na rage a sama, ina kallon bayan jama'a. Ba tafiyar ce take damuna ba, yallaɓai, na saba. Sujadar nan ce nake kewa."

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Tun ina yarinya nake ganinsa yana nafila a zaune da ƙafa a miƙe, na ɗauka haka ubannin mutane suke yi. Na girma, na yi karatu, na koyar da 'ya'yan wasu yadda ake sallah, amma ko sau ɗaya ban taɓa tsayawa na tambayi kaina abin da zaman nan yake ci masa a rai ba. Na ji tausayinsa ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

Kanar ya mayar da tabaraunsa ya ce, "Baba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya nuna wa magini. Godiyar Allah ba ta hana a gaya wa likita gaskiya. Za ka bari in duba?"

Baba ya gyaɗa kai. Ya dube ni, na gane, na tashi na fita baranda don ya tuɓe. Ina fita tsofaffin nan suka yi mini ca da tambaya, ganin idona. Baba Kofur da ya biyo mu a bas ya matso ya ce, "Ya yi wash ɗin kuwa?" Na ce bai yi ba. Ya ce, "Na shiga uku, asarar la'asar ɗina." Na yi dariya da hawaye a fuska.

An daɗe ana duba shi. Da ya fito wani ƙaramin soja ne ya riƙo hannunsa, kuma bai ƙwace ba. Bayan 'yan watanni takarda ta zo an amince da ƙararsa, aka fara biyansa, ya bar wa wani tsohon yaron shagonsa keken, shi kuma ya koma zama a bakin shago yana yanka yadi yana yi wa masu ɗinki faɗa. Baba Kofur har ya rasu yana gaya wa mutane shi ya koyar da shi.

Amma a ranar ba mu san yadda za ta kaya ba. A cikin tasi bai ce mini uffan ba, yana ta kallon waje, ni ma na kama bakina, ina tsoron ko fushi yake da na ga abin da ya ɓoye. Mun isa gida ana kiran magariba. Umma tana tsakar gida ta riga ta ɗora ruwan zafi, ta taso ta karɓi hularsa, ta taimaka masa ya zauna a kan tabarma. Ba ta tambayi yadda aka yi a bariki ba. Ta durƙusa a gabansa ta tsoma tsumma a ruwa, ta yi masa tambayar da take yi kowace rana.

"Malam, yaya ƙafar?"

Ya daɗe yana dubanta. Sannan ya ce, "Tana ciwo. Kullum tana ciwo, tun ranar da kika shigo gidan nan."

Umma ta tsaya da tsumma a hannu, ruwa yana ɗiga a kan zaninta. Ta ce, "Na sani, Malam." Ta sunkuyar da kai ta ɗora masa tsumman a gwiwa a hankali. "Jira nake ka faɗa."